A Bar wa Harshe Hukuncinsa

A wani yammaci na watan Nuwamba, cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a birnin Trier na ƙasar Jamus, aka yi mini dariya saboda na ce abu yana da daɗi. Mu kusan ashirin ne a dogon teburi, gaban kowa kofunan gilashi shida, an ɗiga wa kowane kofi farar giyar inabi da ba ta wuce kurɓi uku ba. Mai jagorantar zaman, wani magidanci mai gyararren gemu, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da muka ji. Wannan ya ce ya ji ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, wancan ya ce ɓawon lemo da ɗan hayaƙi, wata ta ambaci wani fure da ban taɓa jin sunansa ba. Da layi ya iso kaina sai na nuna kofi na huɗu, na ce da Jamusancina mai ɗingishi wannan ya fi kwanta mini, domin zaƙi da tsami sun haɗu a cikinsa kamar kunun tsamiyar da aka sa wa sukari daidai misali. Mutumin ya yi murmushi irin na malamin da ya gaji da jin amsa ɗaya daga bakin 'yan aji ɗaya, ya dubi sauran ya ce haka masu farawa suke, da zaƙi suke somawa, a hankali harshe zai girma. Aka yi 'yar dariyar ladabi. Ni ma na yi, don kunya.

Shekara biyu ke nan ina juya wannan magana a raina, kuma na kai ga matsayar cewa bai kamata in yi dariyar nan ba. Harshena bai yi kuskure ba, kuma raini irin wanda aka yi mini a daren yana cikin abubuwan da ke cutar da giyar da mutumin yake taƙama da saninta.

Akwai nauyin da ya kamata in sauke tun da wuri. Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa kusantar giya domin addini ya hana su, ina girmama wannan, kuma ba ni da niyyar jan kowa zuwa gare ta. A gidanmu ba a haramta ta ba, ba a kuma yi mata shimfiɗa ba. Ni kaina kofi ɗaya nake sha idan an zauna cin abinci, wani lokaci a yi wata guda ban waiwaye ta ba, kuma na ga ɓarnar maye da idona a cikin dangi, ba sai an ba ni labari ba. Tambayar da ke gabana ta shafi mai shan shayi da mai cin kilishi kamar yadda ta shafe ni: wa ya naɗa wani alƙali a kan abin da bakin wani ya ji?

Ban shiga wannan duniya ta ƙofar masana ba, ta gona na shiga. Bayan na kammala digirina na farko a kimiyyar sinadarai na tafi Trier koyon Jamusanci, kuɗi suka yi mini ƙaranci, sai na sami aikin tsinkar inabi na 'yan makonni a wani ƙauye da ke bakin kogin Mosel, a gonar wata dattijuwa da ɗanta. Duk wanda bai taka gonakin nan ba zai ɗauka zuzutawa ake yi. An kafa kurangar inabin a jikin tsauni, a kan wani dutse mai ɓarewa falle-falle wanda ke zamewa ƙarƙashin takalmi, kogi kuma yana can ƙasa kamar an shimfiɗa rawani. A wani wuri da ake kira Calmont, kusa da ƙauyen Bremm, gangaren ya kai digiri 65, yana cikin gonakin inabi mafi tsayuwa a Turai. Tamu gonar ba ta kai haka ba, amma ta isa ta sa mutum ya riƙe turke da hannu ɗaya yana yanka da ɗaya. Motar noma ba ta shiga. Abokan aikina yawancinsu daga Romaniya da Foland suka zo, kuma da yamma duk gwiwoyinmu rawa suke yi. A nan na fara ɗanɗana abin da muke wahala a kansa, a cikin kofin da ba shi da wani ado, tare da burodi da miyar dankali.

Inabin da muke tsinka shi ne Riesling. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a shekarar 1435, cikin takardar lissafin wani basarake a Rüsselsheim, kuma yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin inabin Jamus nasa ne. Babu ƙasar da ta kai ta nomansa. Abin da ya kamata a fahimta game da shi abu ne da ko ɗalibin sakandare zai gane. Kwarin Mosel yana can arewa, wurin da rana ba ta da ƙarfi, don haka inabi yana nuna a hankali kuma yana riƙe tsami mai yawa. Idan aka matse shi aka bar yis ya cinye sukarin duka, ana samun giya marar zaƙi wadda a shekarar sanyi tsaminta kan kai ga dasashe haƙora. Idan kuwa aka tsayar da aikin yis kafin ya gama, sai ɗan sukari ya rage ya rungumi tsamin, ƙarfin giyar kuma ya tsaya a wajen kashi takwas cikin ɗari, alhali yawancin giyar inabin duniya tana kai sha biyu zuwa sha huɗu. Wannan ita ce ta kofi na huɗu, wadda suke kira Kabinett. Duk matar da ta taɓa dama kunun tsamiya ta san wannan lissafi, ta san sukarin ba don yara aka sa shi ba, don tsamiya aka sa shi. Ga mai sha jefi-jefi irina, wanda ba ya son kansa ya yi nauyi, babu abin da ya fi ta dacewa: tana da sanyi a baki, ƙanshinta kamar na ɗanyen tuffa da lemun tsami, tana tafiya da abinci mai yaji fiye da duk wata giya da na gwada. Na taɓa haɗa ta da dafa-dukar da na zabga wa attaruhu, suka zauna lafiya.

Abin mamaki shi ne tarihin Jamus kansa yana bayan harshena. A gidan inabi na Johannisberg da ke yankin Rheingau ana ba da labarin cewa a 1775 manzon da ke kawo izinin fara girbi daga shugaban limaman Fulda ya makara, inabi ya soma ruɓewa a jikin kuranga, aka tsinke shi haka nan cikin fid da rai, sai ga shi ya ba da giya mai zaƙi da ba a taɓa ganin irinta ba. Daga nan aka sami Spätlese, wato girbin makara. A ƙarshen ƙarni na sha tara, manyan giyoyin Rhein da Mosel suna gogayya da manyan giyoyin Bordeaux na Faransa a farashi. Kuma a cikin garin nan na Trier inda aka yi mini dariya, a gwanjon shekarar 2015, an sayar da kwalba ɗaya ta gidan Egon Müller a kan yuro 12,000, giyar da zaƙinta ya kusa na zuma. Ashe zaƙi abin kunya ne kawai idan talaka ne ya ce yana so. Idan attajiri ya biya kuɗin mota a kansa, sunansa ya koma gwaninta.

Ba na musun cewa akwai ilimi a wannan fage. Dattijuwar da na yi wa aiki takan kurɓa ta faɗi daga wane ɓangaren tsauni inabin ya fito, kuma na ga ta yi daidai ba sau ɗaya ba. Shekara hamsin ta yi tana hawa da sauka a wurin. Amma ban taɓa jin ta ce ta ji ƙanshin jiƙaƙƙen dutse ba. Abin da nake tuhuma shi ne yaren da aka gina a kan ilimin, wanda aka mai da shi ƙyauren da ake rufe wa baƙo. A shekarar 2001 wasu masu bincike a Bordeaux, cikinsu har da Frédéric Brochet, suka ɗauki farar giya suka rina ta ja da launin da ba shi da wari, suka miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya. Ɗaliban suka siffanta ƙanshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Wannan bai nuna su jahilai ne ba. Ya dai nuna ido da zato suna rigan hanci magana, kuma dogon jerin sunayen furanni da duwatsu ba ma'aunin ɗakin gwaji ba ne. Ni da na yi shekara huɗu ina auna sinadarai na san bambancin abin da aka auna da abin da aka ƙawata. Mutumin da ya ce ɓawon lemo kwatance ya yi da abin da ya sani. Ni da na ce kunun tsamiya kwatance na yi da abin da na sani. Nasa aka rubuta, nawa aka yi wa dariya, kuma dalilin bai wuce cewa shi ya san kalmomin da ake karɓa a ɗakin ba.

Masu ra'ayin mutumin nan suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne in ɓoye ta. Suna cewa ai son zaƙin masu sha jefi-jefi ne ya zubar da mutuncin giyar Jamus. Bayan yaƙin duniya na biyu an cika filayen kwance da wani inabi mai saurin nuna da yawan 'ya'ya, Müller-Thurgau, wanda wani masani ɗan Suwizalan ya samar a Geisenheim a 1882, har ya taɓa zarce Riesling yawan gonaki. Da shi da ire-irensa aka riƙa haɗa giya mai arha da zaƙi salam, ana kiranta Liebfraumilch, aka yi ta lodinta zuwa Ingila da Amurka a shekarun 1970 da 1980. Aka wayi gari duk wanda ya ji an ce giyar Jamus sai ya tuna ruwan sukari. A 1985 kuma abin kunya ya ɓarke a Ostiriya, inda aka gano wasu na zuba wani sinadari mai cutarwa don ƙara wa giya zaƙi da kauri, ƙurar ta kuma bi ta kan kasuwar Jamus domin an gauraya irin wannan giya da wasu na cikin gida. Duk wannan ya faru.

Sai dai a tambaya, wa ya yaudari wa? Mai saye bai rubuta doka ba. Dokar giya ta 1971 ce ta ɗora darajar giya a kan yawan sukarin da ke cikin ruwan inabi lokacin girbi, ana auna shi da ma'aunin Oechsle, ba tare da duban ko a tsauni aka noma shi ko a fadama ba. Ita ce kuma ta rage sunayen gonaki daga wajen 30,000 zuwa ƙasa da 3,000, ta kuma ƙirƙiro manyan sunaye na gama-gari masu kama da sunan gona guda. Misali ɗaya ya isa. Piesporter Goldtröpfchen gona ce takamaimai, tsauni mai fuskantar rana, ɗaya daga cikin fitattu a Mosel. Piesporter Michelsberg kuwa laƙabi ne da ya haɗa gonakin ƙauyuka da dama, har da na kwance. Ɗora kwalaben biyu a gaban mutumin da ya taso daga aiki yana neman abin da zai ci da kifi, ka ce ya bambance. Biri ya yi kama da mutum, kuma da izinin hukuma ya yi kamar. Waɗanda suka san bambancin su ne suka tsara lamarin, suka ci ribarsa, da ya lalace kuma suka juya suka ce laifin harshen jahili ne.

Maganin da aka kawo shi ma gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Tun daga shekarun 1980 kalmar trocken, wato marar zaƙi, ta zama alamar wayewa a Jamus, har mutum ya riƙa jin nauyin ya nemi akasinta a gidan abinci. Ba na ƙin giya marar zaƙi. Na sha masu kyau daga yankin Pfalz da Rheinhessen inda rana ta fi yawa, kuma ɗumamar yanayi ta sa yanzu ana samun irinsu a Mosel ma. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ita jarrabawa. Na ga mutane suna yamutsa fuska suna haɗiye abin da bai yi musu daɗi ba suna gyaɗa kai, don kada a ce harshensu bai girma ba. Takardar jikin kwalba kuwa sai ƙara rikicewa take yi. Ga matakan tsohuwar doka, Kabinett da Spätlese da Auslese har zuwa sama. Ga trocken mai sukarin da bai wuce giram tara a lita ba, ga halbtrocken mai kai sha takwas, ga feinherb wanda doka ba ta ƙayyade masa adadi ba. Ga tsarin ƙungiyar manyan gidajen inabi ta VDP, mai mambobi wajen 200 da tambarin gaggafa, wadda ke da nata tsanin daban. A 2021 kuma aka zo da sabuwar doka da ta karkata ga asalin gona. Ni mai digiri ne, na kuma yi aiki a gonar, amma har yau nakan tsaya gaban kanta ina karanta kwalba kamar mai warware wasiƙar kotu.

Wani zai ce to mene ne abin tada jijiyar wuya, an yi wa yaro dariya a kan kofi ɗaya? Abin da ke ciki shi ne tsaunukan nan. A ƙarshen shekarun 1980 gonakin inabin yankin Mosel sun haura hekta 12,000. Yau ba su kai 9,000 ba. Idan ka bi kogin a jirgin ƙasa za ka ga gurabun da aka bari, ƙaya ta cinye su, katangun dutsen da kakanni suka jera suna zubewa. Aikin hekta ɗaya a tsauni ya ninka na fili sau da yawa, matasa suna gudu, shan giya kansa yana raguwa a Jamus. Wahalar manoman Mosel ba sabuwa ba ce. Karl Marx, ɗan garin Trier, ya yi rubutu a kan talaucinsu a jaridar Rheinische Zeitung tun a 1843. Kwalbar yuro 12,000 ba za ta ceci ƙauye ba, gida ɗaya take ciyarwa. Ƙaramin manomi yana rayuwa ne da mutumin da ya tsaya da motarsa ranar Asabar, ya ɗanɗana, ya ce wannan ta yi mini, ya sayi kwalba shida. Wannan mutumin shi ne ake kunyatawa a ɗakunan ɗanɗano. Wanda aka kunyata kuwa ba ya dawowa. Yakan tafi babban kanti inda babu mai tambayarsa abin da ya ji, ya ɗauki wadda ta fi arha, ko ya koma ga giyar Italiya mai suna ɗaya da ba ta buƙatar ƙamus.

A nan dole in juyo kan 'yan'uwana masu sha jefi-jefi, domin mu ma muna da namu. 'Yancin harshe bai ba mu 'yancin rowa ba. Wanda ya ga kwalbar Riesling a kan yuro uku ya kamata ya san babu gwiwar da ta yi rawa a tsauni dominta, ko kuwa an yi rawar ba a biya ba. Tunda ba kullum muke sha ba, mu ne muka fi kowa ikon ƙara 'yan yuro mu saya daga hannun wanda ya noma. A ƙofar gona, kuɗin da bai kai na tikitin silima biyu ba yakan sayi Kabinett da ba za a manta da ita ba. Ban yarda a raina ni don ina son zaƙi ba, amma na yarda a tsawata mini idan na nemi gumin wani a banza.

Na taɓa zuwa bikin Wurstmarkt a garin Bad Dürkheim, wanda ake yi kowane watan Satumba, yana tara mutane sama da 600,000. A can ana zuba Riesling a wani kofi mai cin rabin lita, mai 'yan ramuka a jiki don kada ya suɓuce, a ƙara masa ruwa mai gas, su kira shi Schorle. Na tabbata mai gyararren gemu zai dafe kai idan ya ga ana tsarma Riesling da ruwa. Amma mutanen da ke zaune a kan bencunan nan su ne jikokin waɗanda suka dasa kurangar, kuma haka suke sha tun kafin a haifi masu ba da maki. Wani tsoho da ban taɓa gani ba ya matsa mini wuri, ya tambaye ni daga ina, muka yi awa guda muna hirar ruwan sama. Ban ga wanda ya ɗaga kofi yana leƙen launinsa a fitila ba. Na kuma ga waɗanda suka wuce gona da iri ana riƙe da su, wannan ma gaskiya ne, kuma bai burge ni ba.

A kakar bara na koma ƙauyen da na yi aiki, ba don aiki ba, don gaisuwa. Dattijuwar ta ƙara tsufa, ɗanta ya gaya mini sun saki ɓangaren gonar da ya fi tsayi, wanda ita take cewa ya fi ba da inabi mai kyau, domin ba su sami masu hawa ba kuma farashin ba ya mayar da kuɗin aiki. Ta fito da kwalba daga girbin ƙarshe na wannan ɓangaren, ta zuba mini a irin kofin nan marar ado, ta zauna tana kallona. Na kurɓa. Ta yi mini tambayar da take yi wa kowa, mai digiri da direban babbar mota, kalma ɗaya a yarensu wadda ma'anarta ita ce, ya yi daɗi? Na ce ya yi. Na ƙara da cewa yana tuna mini da wani kunu da ake yi a garinmu da 'ya'yan wata bishiya mai tsami. Ta ce in kwatanta mata bishiyar. Na kwatanta, ta saurara har na gama, sannan ta tambaya ko bishiyar tana son tudu ko kwari. Kwalba arba'in da 'yan kai suka rage daga wannan girbi, in ji ɗanta. Na sayi biyu, iyakar abin da aljihuna ya iya, na ɗauko su a jaka zuwa tashar jirgi.